Ɓera Mai Lamba Sha Huɗu

6 ga Janairu

Auta,

Sallama da gaisuwa daga ni da yara. Ina fata kana lafiya, kana kuma cin abinci kamar mutum, ba shayi safe da yamma ba. Mu dai da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa wa 'yan dubiya.

Za ka yi mamakin takarda a zamanin waya. To, gadon mijina Tela yanzu a falo yake, kunnensa kuma ya fi na da kaifi. Ko banɗaki na shiga da waya sai ya tambaye ni da wa nake ƙus-ƙus. Shi ya sa duk kiran da ka yi ba ka jin komai daga bakina sai alhamdu lillahi. Direban nan da ke kai kaya garinku zai riƙa kawo maka, ka ba shi amsa in zai juyo.

Ga gaskiyar magana. Wata biyar ke nan da mijina ya faɗo daga tsani garin gyara allon shago, kuma daga cibiya zuwa ƙasa babu abin da ke motsi. Likita ya ce lakar da ke cikin ƙashin bayansa ce ta ƙuje, mugun ƙujewa. Hannuwansa lafiya lau, bakinsa kuwa ka san shi. Ni nake juya shi duk bayan awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo, ni nake sa masa robar fitsari, ni nake ba shi ƙwayar hana jini daskarewa da aka ɗora shi a kai tun a asibiti, ni nake miƙe masa ƙafafu ina lanƙwasawa yadda malamar gashin ƙashi ta koya mini. Keken guragun da aka ba mu yana bayan ƙofa, ya ce in juya fuskarsa bango. Keken ɗinkinsa kuma na rufe da zani, don in ya kalle shi sai ya yini ransa a ɓace.

Malamar gashin ta samo masa gado a cibiyarsu, inda ake koyar da masu irin larurarsa. Wata uku ake yi. Ana koya wa mutum hawa keken da sauka da kansa, da wanka, da sa kaya, har da komawa sana'a. Layin da tsawo, baiwar Allah ta sha zirga-zirga kafin ta sa sunansa. Gadon zai samu ƙarshen Maris, amma sai shi da kansa ya sa hannu. Ya ce zai yi tunani. Ka san tunanin Tela, shekara biyu ya yi yana tunanin sauya fitilar shago.

Yanzu tambayata. Shekara uku kana cewa kana aiki a ɗakin bincike, ni kuma ina gaya wa mutane ƙanina mai kiwon ɓeraye ne. Ranar nan na ji ka ambaci laka. Me kuke yi takamaimai? Rubuto mini da Hausar da zan gane, ban da burga.

Yayarka


19 ga Janairu

Yaya,

Na karɓi takardarki, na karanta ta a tsaye a bakin mota. Lafiyata ƙalau, ina cin abinci, ki daina sa mini ido daga nesa. Ki gaida Yaya Tela da yara. Wallahi ban san abin ya kai haka ba, kin ɓoye mini da yawa.

Mai kiwon ɓeraye kuma? Na yafe miki. To ga aikin. Ɗakinmu ba taga, fitila da kanta take kunnuwa ta mutu, ba a shiga sai da farar riga da leda a takalmi, waya kuma a bar ta a waje. Ɓeraye arba'in gare mu. Farfesarmu tana sa musu maganin barci, ta buɗe bayan, a saki wani ɗan ƙarfe a kan lakar don ta ƙuje daidai gwargwado. In suka farka ƙafafun baya ba sa aiki. Daga nan aikina yake farawa. Sau uku a rana nake ɗaukar kowanne in matse masa mara da babban yatsa, don ba ya iya fitsari da kansa. In duba fatarsa ko ta fara ciwo, in sauya masa shimfiɗa, in miƙe masa ƙafafu in lanƙwasa. Ba Asabar ba Lahadi.

Abin da muke gwadawa za ki yi dariya. Kurkur ne, wanda wasu ke kira gangamau, na cikin kayan ƙamshinki. Akwai wani sinadari a cikinsa, kurkumin, shi ne mai ba shi launin rawaya. Ana zaton yana rage kumburin da ke biyo bayan rauni, don kumburin nan yakan ƙarasa kashe abin da bugun ya bari. Rabin ɓerayen ana yi musu allurarsa, rabi kuma ruwan gishiri kawai. Sirinjin yana zuwa mini a naɗe da baƙin tef, ba abin da ke jiki sai lamba. Takardar da ta nuna wa ke samun me tana kulle a durowar Farfesa har a gama, don kada mu masu ba da maki mu fifita wani.

Amma Yaya, akwai wani mai lamba sha huɗu. Makon farko jan gindi yake yi, makinsa sifili. Mako na uku ya fara motsa cinya. Jiya, mako na shida, na ajiye shi a kan tebur, sai ga shi ya dafa tafin ƙafarsa ya ɗaga ciki ya yi taku huɗu. Huɗu, na ƙirga! Ba sai an buɗe durowa ba, ni dai na san wannan kurkumin yake samu.

Bincike ne tukuna, ba a kai ga mutane ba. Amma kin ga dai ƙaninki ba zaman banza yake yi ba.

Autanku


3 ga Fabrairu

Auta,

Muna lafiya, yara na makaranta, kowa na gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, takardarka ta yi abin da likitoci uku suka kasa.

Na so in ɓoye ta, amma ya ga ambulan. Na karanta masa. Da na zo wajen taku huɗu sai ya ce in maimaita, na maimaita, ya ce in sake. Auta, ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ya sa na kira wanzami ya yi masa aski. Takardar yanzu tana ƙarƙashin matashinsa, duk wanda ya zo dubiya sai ya ji labarin Sha Huɗu. Abokinsa yake kiransa.

Washegari na je kasuwa na sayo kurkur ɗanye, na wanke na shanya na kai inji. Cokali uku nake dama masa da safe, uku da rana, uku da yamma, a ruwan ɗumi. Yana ɓata fuska amma yana shanyewa tas. Gidan nan ka gan shi! Tafin hannuna rawaya, kofuna rawaya, zanen gado rawaya, har gemunsa. Ƙaramar 'yarmu ta ce Baba ya koma ƙwai.

Abu ɗaya ne bai yi mini daɗi ba. Malamar gashi ta zo da takardar cibiya, ya ce ta mayar. Wai me zai yi da koyon zaman keke, shi da zai tashi? Ta yi ta lallashi, ya ce mata ƙanin matarsa ne a kan maganin, ba ji ya yi a bakin titi ba. Ta kalle ni, na sunkuyar da kai. Ta ce za ta riƙe masa gurbin har talatin da ɗaya ga Maris, daga nan ba yadda za ta yi, mutane na jira. Ta ajiye takardar a kan talabijin ta tafi.

Ka gaya mini, cokali tara ya isa ko in ƙara? Shi babban mutum ne, ba ɓera ba. Kuma ya ce in tambaye ka taku nawa abokinsa yake yi yanzu.

Yayarka


15 ga Fabrairu

Yaya,

Ina lafiya, amma takardarki ta tayar mini da hankali. Don Allah ki tsayar da kurkur ɗin nan yau, kada ki jira gobe.

Kin ce ana ba shi ƙwayar hana jini daskarewa tun yana asibiti. Kurkur mai yawa haka yana iya haɗuwa da ita jini ya tsinke. Ki faɗa wa likitansa adadin da kike ba shi, kada ki rage. Bayan haka, na kasuwa sinadarin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne, wanda ya shiga ciki ma yawancinsa wucewa yake yi bai shiga jini ba. Namu tatacce ne, allura ce, kuma awa ɗaya da rauni ake fara yi. Na rubuta miki cewa ba a kai ga mutane ba, ko ba ki ga layin ba?

Ki ce wa Yaya Tela ya sa hannu a takardar cibiya. Ki kuma ce masa abokinsa na nan, yanzu har zagaye tebur yake yi.

Autanku


2 ga Maris

Auta,

Gaisuwa. Jiya takardarka ta iso, motar direban ce ta lalace a hanya ta yi kwanaki. Da ta zo da wuri da ta hutar da mu.

Ranar Talata da hantsi ina goge masa fuska sai haɓo ya ɓalle. Na toshe, na matse, na sa ƙanƙara, jini ya ƙi tsayawa. Tawul biyu suka jiƙe. Maƙwabta suka kama mini shi muka sa a mota. Da likita ya ga tafin hannuna sai ya ce, "Me kike ba shi?" Na faɗa. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dai cire tabarau ya ce, "Cokali tara?" Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Kurkur na ɗaure bakin buhu na tura ƙarƙashin gado.

Layin da kake magana na gan shi. Layi ɗaya ne tal a gindin takarda, bayan ka cika shafi biyu da taku huɗu. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, hannuna ne ya dama. Amma kai ma ka san abin da mai ciwo yake ji da abin da ba ya ji.

Kada ka ɗauka ya saduda. Na karanta masa takardarka kaf, abin da ya tsinta kawai shi ne naku allura ce tatacciya, kuma abokinsa na zagaye tebur. Yanzu cewa yake kuskurenmu na kasuwa muka sha, zai jira na wajen Auta. Takardar cibiya na kan talabijin, ƙura ta hau ta.

Ni na gaji, Auta. Bayana ciwo yake, ba ni da wanda zan faɗa wa. Maganata ba ta shiga kunnensa, taka ce ke shiga. Ka rubuto masa shi kansa, ka faɗa masa ƙarara ko allurar nan za ta zo ko ba za ta zo ba. Saura kwana ashirin da tara.

Yayarka


24 ga Maris

Auta,

Ko lafiya? Direba ya je ya dawo sau biyu hannu wofi. Ya ce ya gan ka da idonsa, ka ce masa ba saƙo. Na kira ka ya fi a ƙirga, ba ka ɗagawa.

Tela ya fassara shirunka yadda yake so. Wai kana can kana nemo masa izinin allura, shi ya sa ba ka da lokaci. Ni kuma na fassara shi yadda na san ka. Tun kana ƙarami in ka fasa abu ɓuya kake yi a bayan tulu har a gaji da nemanka.

Saura mako ɗaya. Fito daga bayan tulun nan.

Yayarka


27 ga Maris

Yaya, da Yaya Tela,

Ina gaishe ku. Lafiyata ƙalau, ba ciwo ya hana ni rubutu ba, kunya ce. Yaya, ki karanta masa wannan duka, kada ki tsallake komai.

Ranar shida ga wata aka gama gwajin. Farfesa ta tara mu ta buɗe durowa, ta riƙa kiran lamba tana faɗin abin da kowanne ya samu. Da ta zo kan sha huɗu sai ta ce, "Ruwan gishiri." Na ce ta sake dubawa. Ta juyo mini da takardar na gani da idona. Ko ɗigon kurkumin bai taɓa shiga jikinsa ba.

Na tsaya bayan kowa ya fita na faɗa mata abin da na rubuto muku. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce don irina aka naɗe sirinji da tef, kuma ga shi na ga abin da raina ke so ta cikin tef ɗin. Ta ce raunin da muke yi wa ɓera ba ya cinye lakar duka, kuma ɓera yakan farfaɗo da kansa fiye da mutum nesa ba kusa ba. A kowane arba'in akan sami ɗaya ko biyu da suka fi saura. Sha Huɗu irinsu ne.

Ba wai maganin bai yi komai ba. Da aka haɗa maki, waɗanda suka samu sun ɗan fi sauran, kumburinsu ya fi sauƙi, tabon lakarsu ya fi ƙanƙanta. Abin a ci gaba da bincike ne, kuma za a ci gaba. Amma a ɓera ne, kuma awa ɗaya da rauni aka fara. Na tambaye ta mutumin da ya yi wata bakwai fa. Ta ce ba ta da wani abu da za ta iya ba shi, ba ta kuma san wanda yake da shi ba, bana ko baɗi.

Yaya Tela, allura ba za ta zo ba. Ba ni da ita, ban taɓa samun ikon ba da ita ba, ni mai kula da ɓeraye ne. Na so in yi burga a gaban Yayata, kai ka biya da jininka. Ka yafe mini. Ka sa hannu a takardar nan.

Za ka tambayi abokinka. A ƙarshen gwaji ana sa musu maganin barcin da ba farkawa, don a ciro lakar a duba. Ni na riƙe shi.

Na ɗauki waya ya fi sau goma na kasa dannawa. Direba ya yi mini alkawarin zai iso ran talatin.

Autanku


11 ga Mayu

Mai kiwon ɓeraye,

Ni ne, Tela. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan faranti nake yi. Muna lafiya. Yayarka ma lafiya, sai dai ta ce ba ta gaishe ka, in gaya maka haka nan. Ka ba ta lokaci, jiya na ji tana tambayar direba ko ka rame.

Takardarka ta iso ran huɗu ga Afrilu. Direba bai sami lodi da wuri ba. Gadon kuwa tun ran ɗaya ga wata aka ba wani, wai mai aikin gini ne. Yayarka ta ce da waya ka ɗaga da minti biyu ya isa. Gaskiyarta. Amma ni ma kwana hamsin da wani abu takardar ta yi a kan talabijin, da biro a gefenta.

Da ta gama karanta mini sai na juya fuskata bango. Kwana uku ina haka. Ba zan yi maka ƙarya ba, na tsine maka a zuciyata, na tsine wa ɓeran, na yi kuka ta yadda yara ba za su ji ba. Ruwan gishiri! Ni ina nan ina ɗura wa cikina cokali tara, abokin nawa ashe ko ɗanɗanawa bai yi ba.

Rana ta huɗu na ciro takardarka ta farko daga ƙarƙashin matashi don in yaga. Sai na ce bari in karanta da kaina sau ɗaya, don kullum wajen takun kawai nake sa a karanta mini. Nan na ga inda ka ce sau uku a rana kake matse masa mara, ka duba fatarsa, ka sauya shimfiɗa, ka miƙe ƙafa ka lanƙwasa, ba Asabar ba Lahadi. Ina karantawa Yayarka na gindin gado tana lanƙwasa mini gwiwa, hannu ɗaya dafe da ƙugunta. Kai albashi ake ba ka. Ita wata takwas tana yi, kuma na bincika kaina ban tuna ranar da na ce mata sannu ba. Na ce mata a lokacin. Ta ce in daina surutu in riƙe ƙarfen gado.

Na san ƙafafun nan ba za su yi abin da na abokina suka yi ba, ba sai ka sake rubuto mini bayani ba. Na sa an juyo da keken guragun daga bango. Ranar farko na kife a bakin ƙofa, ta biyu ma haka. Makon jiya da kaina na tura shi har cibiya, Yayarka na bina a baya na hana ta taɓawa. Na ba malamar gashi haƙuri, na sa hannu. Ta ce yanzu ni ne na ƙarshe a layi, sai nan da wata shida in an yi sa'a. Na ce na ji. Wata shidan nan a bayan Yayarka za su sauka, wannan ne abin da har yanzu ban gama yafe mana ba, ni da kai.

Keken ɗinki ma an yaye masa zani. Mai gyara ya ɗago abin takawar daga ƙasa ya ɗaure shi a kan tebur, da gwiwar hannu nake dannawa. Gudu yake yi kamar mahaukaci, amma mun fara fahimtar juna.

Kurkur ya rage rabin buhu, Yayarka za ta zubar, na ce a'a, ɗanɗanonsa ne na tsana ba launinsa ba. Muka tafasa shi muka tsoma farin yadi. Abin da ke cikin ledar da direba zai ba ka ke nan, riga ce, ita ce ɗinkina na farko tun faɗuwata. Da ido na auna ka, in ta matse ka to ƙiba ka yi. Kada ka shanya ta a rana, launin ba ya riƙo.

Ka duba hannun hagu, za ka ga ɗinkin ya karkace ya yi tafiyar maciji kafin ya miƙe. Nan na fara. Shekara ashirin da biyu ina sana'ar nan ban taɓa barin irinsa ya fita daga shagona ba. Yayarka ta miƙo mini reza in farke, na ce ta bar shi.

Ka sa ta ka zo gida. Akwai ɗagawa da juyawa a nan, kuma na ji an ce ka iya.

Tela